Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta makanikan injin gas (dizal)

Assalamu alaikum iyayenmu masu gareji, ogoginmu, 'yan uwa abokan sana'a da yaranmu masu koyon aiki. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi a bana, na ce bari in turo shi tun kafin ranar taro saboda wasunmu da an fara karatu sai waya ta shigo wai mota ta mace a hanyar Zariya, su tashi ba su ji komai ba. Lissafin kuɗi ba ya ciki, wannan na ma'aji ne, shi zai karanto da bakinsa.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san a da aikin da ke zuwar mana shi ne mota ta taso daga Kwatano da injin gas mai ita ya ce a sauke a ɗora masa na fetur, tunda fetur na da tallafi gas kuma babu. To tun da aka cire tallafin a watan Mayun 2023 lissafi ya fara juyawa, masu doguwar tafiya da masu ɗaukar kaya wasu sun fara dawowa gas saboda ya fi auki a tanki. Shi ya sa bana yawancin abin da ya ci lokacinmu sauya inji ne. Kuma kusan duk wanda ya kawo mota sai ya ce Oga tunda an riga an sauke ai sai a ƙara masa ƙarfi, a sa babban turbo mai tura iska cikin inji, a canza kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su, ya gani a waya Turawa na yi. A nan duk rigimar shekarar ta fito.

Babban aikin da muka yi na haɗin gwiwa shi ne Land Cruiser ɗin nan da ta kwana biyu a garejin mataimakin shugaba. Injinta 1HZ ne, silinda 6, lita 4.2, ba turbo, injin da kowa ya san shi da haƙuri, ka zuba masa kowane irin gas ya haɗiye ya tafi, amma a hawa da kaya sai ka ji kamar jaki ka hau. Mai motar ya zo da turbo ɗinsa a kwali yana so a ɗaura. Mun zauna mun yi musu sosai har da ɗaga murya, domin wasu na ganin ai 1HZ da ɗan uwansa mai turbo 1HD-T girmansu ɗaya, 4164cc ne dukkansu, to me zai hana. Girman ɗaya ne amma cikin ba ɗaya ba. Shi 1HD-T da ya fito a 1990 nozul na fesa mai kai tsaye bisa fistin ne kuma matsinsa wajen 18.6 ne, tun daga kamfani an gina shi don turbo. 1HZ kuwa mai na fara shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a cikin tof silinda kafin ya fito, kuma matsinsa ya haura 22, ka ƙara masa iska da mai ba kai ba gindi zafi zai taru a wannan ɗakin da kan fistin har su tsage. Injekta famfon sa ma bai da abin da ke auna matsin iskar turbo ya ƙara mai daidai da ita, shi ya sa masu gaggawa sai su murɗa sukurun mai kawai, motar ta riƙa tuƙa baƙin hayaƙi suna murna wai ƙarfi ne.

Mun ba shi zaɓi biyu, ko ya nemo 1HD-T cikakke a ɗora, ko a sa turbon a kan nasa amma a bar matsin iska ƙasa ƙasa, psi 7 zuwa 8, kamar rabin bar kenan tunda bar ɗaya psi 14.5 ne, a sa intakula mai sanyaya iskar turbo, a wanke lagireto, a buɗe salansa. Ya zaɓi na biyun saboda aljihu. Ƙungiya ce ta sayi gejin matsin iska da na auna zafin hayaƙi don wannan aikin, kuma wallahi gejin zafin nan ya kunyata mu, saitin da muka yi da kunne muka ce ya yi daidai muna hawa da shi allurar ta wuce digiri 700 ta ci gaba da tafiya, alhali alminiyo zalla a digiri 660 yake narkewa, gaurayen da ake yin fistin da shi ma bai kai haka ba, mai da ruwa ne kawai ke cetonsa. Muka dawo muka rage mai har sau uku. Motar tana aiki har yau, mai ita ya ɗan yi ƙorafi wai ba ta tashi kamar yadda ya gani a bidiyo, muka ce masa Alhaji wancan na bidiyo ba ya ɗaukar buhun gero a zafin watan Afrilu.

Sai abin da ya faru wajen tsakiyar damina wanda Allah ne ya kiyaye. An ɗora inji a wata Hilux da turbo ɗan Beljiyam da ba a buɗe an duba ba, ashe sil ɗinsa ya mutu yana zubar da baƙin mai cikin bututun iska. Ana tayarwa aka ba shi wuta sau biyu sai inji ya kwashe da gudu shi kaɗai, yaro ya kashe makulli ya zare ma gaba ɗaya amma ina, farin hayaƙi ya rufe gareji kowa ya yi ta kansa har mai shayin bakin titi. Injin gas ba ya buƙatar fulogi, in ya samu baƙin mai ta hanyar iska shi zai riƙa ƙonawa har sai ya buga ko man ya ƙare. Wani dattijonmu ne ya finciko bututun eya kilina ya danna katako a bakin ya toshe iskar, sannan injin ya mutu. Dan Allah yara ku ji da kyau, katako ko faranti, ba tafin hannu ba, ba tsumma ba, turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, zai zuƙe tsumman ya haɗa da yatsu. In mota mai giyar hannu ce kuma akwai mutum a ciki, a taka birki a sa babbar giya a saki kuloci. Wanda ya sayar da turbon an je an same shi, an yi ta ja, daga baya shugaba ya shiga tsakani ya mayar da rabin kuɗi, ba zan faɗi ko waye ba tunda an yi sulhu.

Daga wannan ne muka ɗauki Asabar biyu muka koya wa yara ɗaura turbo tun daga farko, a girgiza shaf a ji ko yana wasa, a canza bututun da ke kai masa mai ko a wanke shi tas, a ɗura baƙin mai a cikinsa kafin tayarwar farko, bututun dawowar mai kuma ya gangara ƙasa ya shiga saman inda mai ke tsayawa a ƙasan inji, in ya lanƙwashe ko ya kwanta man zai taru ya fasa sil ko da turbon sabo ne fil. A kuma gaya wa direba in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar inji ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Na san ba za su yi ba, amma dai a faɗa.

Maganar kamshaf kuwa, ra'ayina ne zan faɗa kuma wanda bai yarda ba mu haɗu a taro. A injin gas na motar haya ko ta kaya kuɗin kamshaf mai dogon ƙulli asara ne in ba an riga an gama da nozul, famfo, turbo da intakula ba. Injin gas ba ya hawa juyi mai yawa kamar na fetur, yawanci bai wuce 4,500 ba, kuma turbo ne ke tura masa iska, don haka abin da kamshaf zai ƙara kaɗan ne, haɗarinsa kuma babba, domin tsakanin bawul da kan fistin tazarar ba ta da yawa saboda matsi. Ɗaya daga cikinmu ya kai kamshaf wajen masu gurandin aka sake masa siffa, ya ɗaura bai sake auna shim ba bai kuma juya inji da hannu zagaye biyu ba, ana buga sitata sai ƙas, bawul huɗu suka lanƙwashe. Shi ya biya daga aljihunsa, ƙungiya ta tallafa da abin da ya sawwaƙa.

Inda kamshaf ya zama dole shi ne injinan Volkswagen 1.9 TDI masu PD, irin na wasu Golf 4 da Passat da Sharan. A waɗannan kamshaf ɗin ne ke danna injekta ma ba bawul kaɗai ba, shi ya sa ƙullan bawul ɗin sirara ne kuma suna cinyewa, musamman in ba a sa masa man da kamfani ya ce ba, mai lamba 505.01, mu kuma a nan kowa ya san man da ake ɗurawa. Duk wanda zai ɗora irin wannan injin ya buɗe murfin sama ya duba tun yana ƙasa, in ƙulli ya ci a canza shi tare da tafet ɗinsa duka, sabon kamshaf a kan tsohon tafet wata kaɗan zai yi. A canza tayimin bel da famfon ruwa a lokacin. Su kuma masu Golf 3 da ke son komawa gas, AAZ mai doki 75 famfonsa na hannu ne ba ruwansa da burenbos, wato kwamfutar inji, 1Z mai doki 90 da AFN mai 110 sai da burenbos da wayarin ɗinsu cikakke, kar a sayo inji a bar waya a kasuwa a zo ana wahalar da rewaya. Wanda kuma ya sa turbon da ya fi ƙarfin injin, daga ƙasa motar za ta mutu murus sai juyi ya hau sannan ta zabura, a cunkoson Kano wannan azaba ce.

Ƙananan abubuwan da suka yi ta dawo mana da motoci bana su ne mantawa da bakyum famfo, wanda in babu shi birki zai yi tauri kamar dutse tunda injin gas ba ya zuƙa ta manifol kamar na fetur, barin giyabos na fetur inji na ta ihu a babbar hanya, kulocin da ke sulɓewa, ƙaramin batir da ba ya iya hita da sitata, da rashin wanke tanki. Sai kuma lambar inji, a riƙa tuna wa mai mota ya je ya gyara takardunsa.

Abin da shugabanni suka tsayar shi ne daga yanzu ba ɗan ƙungiyar da zai ƙara turbo ko ya canza kamshaf ba tare da an rubuta yarjejeniya da mai mota ba, kuma ba a sakin motar sai an hau da ita da geji. Kayan da za a sayo daga kasuwar Ƙofar Ruwa, Panteka ko Ladipo a buɗe a gaban mai sayarwa.

Ta ɓangaren zumunci mun je gaisuwar rasuwa da dubiya da sunaye gwargwadon hali, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, an kuma yaye yaran da suka kammala koyo an haɗa musu akwatin sifana. Abin da muka yi alkawari bara ba mu cika ba shi ne sayen na'urar gwada nozul da kwamfutar duba inji, kuɗin wata wata ne bai shigo yadda ya kamata ba, masu bashi sun san kansu. Za a sake kawo maganar a taro.

Gejin zafin hayaƙi yana hannun wani tun bayan babbar sallah, dan Allah a taho da shi ranar taro, akwai Hilux biyu da ke jiransa.

Naku, sakatare.