Anti, in shiga koyon aikin "ogzilari" kafin in nemi makarantar nas?

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ni budurwa ce ƴar shekara 19, a Agege aka haife ni amma iyayena ƴan Katsina ne. Burina in zama nas, sai dai Kemistiri ta ba ni matsala a WAEC, kuma kin san sai da kiredit biyar ake shiga, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma kar su wuce zama biyu. Yanzu ina jiran in sake rubutawa ga JAMB ma yana gaba, in Allah ya yarda makarantar nas ta asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba nake so ko ta jihar Legas da ke Igando.

To zaman gidan ne ya ishe ni. Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan layinmu da ke ɗaukar ƴanmata koyon aikin ogzilari, wato masu taimaka wa nas a wajen aiki, ki biya kuɗi su ba ki farin yunifom ki yi ta aiki har ranar da za a yaye ki da satifiket. Kawuna ya ce zai biya min, wai gara in saba da aikin tun yanzu. Ni ma wallahi raina ya biya, don ina so in gwada kaina in gani ko zan iya jure jini da warin ciwo da dutin dare, kar sai Baba ya zuba kuɗi a makaranta sannan in gano ba zan iya ba.

Amma ranar da na raka ƙanwar Umma aka sa mata ƙarin ruwa a can jikina ya yi sanyi, yarinyar da ta zo neman jijiya sa'ata ce, hannunta na rawa tana ta caka allura har bayan hannun ya kumbura, kuma babu wata babbar nas a kusa da za ta duba ta, likitan ma wai ya fita. Sannan wata yayarmu da ke aikin jinya a Kano ta kira ni ta ce kar in kuskura, hukumar NMCN mai ba nas da ungozoma lasisi ba ta san satifiket ɗin ogzilari ba, ba zai ƙara min maki ko ɗaya ba, kuma hannun da ya koyi aiki a karkace wuyar gyara gare shi. Ita cewa ta yi in je asibitin sha-ka-tafi na gwamnati in roƙi a bar ni in riƙa taimakawa kyauta ranar awon ciki da rigakafi, ko rubuta kati ne da ɗora jarirai a sikeli da yi wa matanmu da ba sa jin Yarbanci ko Turanci tafinta, in kuma yi kwas ɗin taimakon gaggawa na Red Cross.

Maganarta ta shige ni, amma Kawu gani yake aikin da ba a riƙe allura ba aiki ba ne, kuma ina jin nauyin in mayar masa da alherinsa. Anti ta yaya zan faɗa masa ba tare da ransa ya ɓaci ba? Kuma a intabiyun makarantar nas ana duba irin wannan aikin sa-kan kuwa, ko dai in haƙura da duka in rungumi littafin Kemistiri na? Don Allah a sakaya sunana.

Ƴarki daga Agege, Legas