Kafin a cire yaro daga makaranta a Turai

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in sa baki a zancen karantar da yara a gida, wanda ya zama ruwan dare a bakin matanmu mazauna Ingila, musamman idan an haɗu wajen suna ko walima. Shekara uku ke nan ina karantar da ɗana a kan teburin da muke cin abinci, don haka ba jita-jita zan kawo ba.

A Ingila doka ta yarda da shi. Sashe na 7 na Dokar Ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin sama wa yaro cikakken ilimi daidai da shekarunsa da basirarsa, a makaranta ne ko ta wata hanya. Wajibcin yana farawa daga shekara 5 zuwa 16. Ba a tambayar uwa takardar malanta, kuma ba dole ba ne ta bi manhajar gwamnati.

Inda ƙafar mutanenmu ke zamewa shi ne, da an ji abin ya halatta sai kawai a daina kai yaro. Wata baiwar Allah a unguwarmu haka ta yi, ta manta sunan ɗan yana nan daram a rajista. A idon hukuma fashin makaranta yake yi. Sai ga takardar tara: fam 80 a kanta, fam 80 a kan maigidan, kuma kuɗin yana ninkawa idan kwana 21 suka wuce ba a biya ba. Alhali wasiƙa ɗaya zuwa ga shugaban makaranta, a ce a cire sunan yaro za a karantar da shi a gida, ta isa ta raba ta da wannan ɓacin rai. Sai dai idan makarantar yara masu buƙata ta musamman ce hukuma ta sa shi, to sai ƙaramar hukuma ta amince tukuna.

Bayan haka a sa ran wasiƙa daga ƙaramar hukumar, tana tambayar me yaro yake koyo. Ranar da tawa ta iso cikina ya ɗuri ruwa. Abin da ya cece ni wani tsohon kwali ne da nake jefa littattafan da ya cike, kowane shafi da kwanan wata a samansa, har da jerin abin da muka aro a laburare. Idan ba su gamsu ba, suna da ikon ba da umarni a mai da yaro makaranta.

Sai batun aljihu, wanda ba a cika faɗa a wajen walima ba. Gwamnati ba ta ba da ko sisi. Jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, da ɗan makaranta ke zanawa kyauta, naki sai kin nemo cibiyar da za ta karɓe shi, kin biya kowane darasi daban, kuma ɗaya kan haura fam 100. Iyaye maza kuma, Allah ya ba ku haƙuri, ku ne kan gaba wajen yanke shawarar, amma ƙarfe tara na safe kuna wurin aiki, uwa ce ke fama da lissafi ga goyo ga tukunya a wuta.

Kada kuma mai zama wata ƙasa ta ɗauki dokar Ingila ta yafa. Ko a Sikotlan sai an nemi amincewar ƙaramar hukuma kafin a cire yaro daga makarantar gwamnati. A Jamus haramun ne. A Faransa, inda 'yan'uwanmu na Nijar suke da yawa, wajibcin yana farawa tun shekara 3, kuma daga 2022 sai an nemi izini an ba da hujja. A gida Najeriya ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare, har da hukunci ga wanda ya ƙi.

Ni dai ban yi da-na-sani ba, yaron da a da yake kuka kowace safiya yanzu shi ke ɗauko littafi da kansa. Amma ƙanwarsa tana makaranta, kuma can zan bar ta, don ƙarfina na mutum ɗaya ne.

Taku mai karatu,
wata uwa daga Birmingham