A fara koya wa yaranmu haɗa manhajar waya da abin da kwamfutocinsu za su iya ɗauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu buɗe azuzuwan koyar da haɗa manhajar waya a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani a 2023, sha'awar matasa ta ƙaru, kuma abin farin ciki ne. Damuwarmu ita ce yadda ake fara darasin.

Sau da yawa ranar farko ake cewa kowa ya saka Android Studio, wato babbar manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita. Wannan manhaja tana buƙatar RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) na aƙalla 8GB, ta fi sakewa a kan 16GB, alhali yawancin kwamfutocin ɗalibanmu na hannu ne masu 4GB. Da an buɗe aikin farko sai Gradle, wato kayan aikin da ke harhaɗa manhajar, ya shiga sauko da kayansa daga intanet, data ta ƙare, wuta ta ɗauke, wayar gwaji ta cikin kwamfuta ta ƙi tashi saboda ba a kunna mata izini a BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ba. Yaro ya koma gida yana ganin shi ne ba shi da kai, alhali kayan aikin ne suka fi ƙarfin na'urarsa. Wannan yana yi mana ciwo ƙwarai.

Shawararmu a yi makonni huɗun farko da MIT App Inventor, wadda ake haɗa manhaja a cikinta ta hanyar jera tubalan umarni maimakon rubuta su. Kyauta ce, a cikin Chrome take aiki, adireshin Gmail kawai ake bukata. Ɗalibi zai sauko da manhajar gwajinta, MIT AI2 Companion, a wayarsa, ya haska lambar QR da ke kan allo, nan take abin da ya haɗa ya bayyana a hannunsa. A sa waya da kwamfuta kan Wi-Fi ɗaya. A kuma tuna hotspot na waya yawanci ba ya wuce na'ura goma, don haka ajin mutum ashirin yana buƙatar rawuta, kuma gara a zaunar da su bibbiyu.

Aikin farko ya zama wanda ɗalibi ya san kansa, misali lissafin mai sayen shanshera a Argungu ko dillalin albasa a Aliero: gurbin rubuta yawan buhu, gurbin farashi, gurbin kuɗin mota da na 'yan dako, sai maɓalli ɗaya da zai fitar da jimla. Ƙaramin aiki ne, amma a cikinsa ne za a ci karo da kurakuran da suka fi koyarwa. In aka bar gurbi babu komai aka danna maɓalli, manhajar za ta yi kuka, domin ba a ninka lamba da wofi. A nan ake koyar da sharaɗin "idan kaza, to kaza". In mutum ya rubuta 45,000 da waƙafi, ba za ta ɗauke shi a lamba ba, sai a kunna NumbersOnly, saitin da ke sa gurbin ya karɓi lamba kawai. Da an rufe manhajar kuma lissafin duka ya ɓace, sai an ajiye shi a TinyDB, wanda ke riƙe bayani a cikin wayar ko babu intanet. Malam kada ya yi saurin gyara musu. Ya bari su ga kuskuren da idonsu, su faɗi dalilinsa da bakinsu. A rubuta maɓallan da Hausa, a duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai a ƙaramar itel.

Bayan nan ne za a koma rubuta manhaja da Kotlin ko Flutter, kayan aikin ƙwararru. Ko a lokacin, a manta da wayar gwaji ta kwamfuta, a yi amfani da Tecno ko Infinix ɗin ɗalibi: a shiga saitin waya, a danna Build number sau bakwai, a kunna USB debugging, wanda ke ba kwamfuta damar tura manhajar cikin wayar ta igiya. In kwamfuta ba ta ga wayar ba, a fara zargin igiyar, domin da yawa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayani. Manyan fayiloli kuwa malam ya sauko da su sau ɗaya ya raba a filas.

A gaya wa ɗalibai gaskiya tun farko. Sanya manhaja a Play Store yana buƙatar dala 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 kafin a sake ta. Na iPhone sai da kwamfutar Mac da dala 99 duk shekara, don haka a jingine shi tukuna.

Muna kira ga makarantu irin su Waziri Umaru Federal Polytechnic da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su riƙa buɗe ɗakunan kwamfutarsu ranar Asabar ga irin waɗannan azuzuwa, a kuma ware wa 'yan mata da matan aure ajin safe.

Wassalam.

Wasu malaman koyar da kwamfuta,
Birnin Kebbi.