A gina wa yaranmu azuzuwan da suka dace da zafin Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi magana a kan ginin azuzuwa. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ake ta gyaran makarantu ana tayar da sababbi, kuma abin a yaba ne. Damuwata ita ce irin ginin: bulo, kwano a kai, tagogi 'yan kaɗan, a shafa fenti a miƙa mukulli.

Ni malamin firamare ne a cikin birni. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma da an dawo daga tara kwano ya riga ya ɗauki rana, ajin ya koma tanderu. Silin ya daɗe da zubewa. Za ka ga yaro yana rubutu zufa na ɗiga a kan littafinsa har takardar ta yage a ƙarƙashin biro, 'yan mata hijabinsu ya jiƙe sharkaf, na bayan aji sun kifa kai a benci. Babu fanka, ko da akwai ma ina wutar? A wannan hali ake so in koya musu lissafi, ranar jarrabawa kuma a ce malamai ba sa aiki.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana garin nan. Duk mai shakka ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da azahar a tsakiyar bazara, ya ɗora tafin hannunsa a bango. Katangar tubali mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da wuri; tana riƙe shi har dare, sannan ta sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Maginanmu sun san azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sun san ɗaurin guga da ke ɗaga rufi sama iska ta samu wurin yawo, da indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da makuba da ake shafawa don damina. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake wannan sana'a a Kano, har da sarautarta ta Sarkin Magina.

Na san abin da za a ce: ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara, kuma kowace damina muna jin labarin katangar da ta faɗa wa mutane. Gaskiya ne, ba kuma cewa nake a koma yadda kakanni suka yi daidai-wa-daida ba. Akwai injin da ke matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan ya fitar da bulo mai ƙarfi. Idan aka zuba harsashi na kankare, aka ɗaga ginin daga ƙasa, aka fito da bakin rufi ya kare bango, ruwa ba shi da ta cewa. Da irin wannan bulon mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, a 2001. Kwano ya sa shi ma, amma ya ɗaga shi can sama da silin na bulon ƙasa, iska na wucewa a tsakani tana kwashe zafin. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Kusa da mu ma, a Dandaji cikin jihar Tawa ta Nijar, Hausawa 'yan uwanmu suna sallah a sabon masallacin da aka gina da bulon ƙasa, aka mayar da tsohon ɗakin karatu. Mu ne dai muka ɗauki ginin ƙasa alamar talauci.

Ga kuma tsadar siminti, wadda kowane magidanci ya sani, ga hayaƙin masana'antarsa da ke kai wajen kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da mutane ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya. Ƙasa kuwa a nan za a haƙa, 'ya'yan unguwa su buga, kuɗin ya tsaya a hannunsu. Sai dai a tsara inda za a haƙa. Yawancin kududdufan cikin birni ramukan ginin da ne, su ke shanye ruwan sama, yanzu da ake cike su ana gini a kai mun ga inda ruwan yake bi.

Roƙona ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, shi ne ta haɗa malaman sashen zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da tsofaffin maginan birni, a gina ko da azuzuwa biyu ne na gwaji da bulon ƙasa kusa da na bulon siminti, a rataya ma'aunin zafi a kowanne har bazara ta wuce, a buga sakamakon a wannan jarida. Tagogi su kalli kudu da arewa, su fuskanci juna, domin ranar hantsi da ta la'asar ba su shigo kai tsaye ba. Dashen darbejiya da ban-ruwanta na shekara biyu su shiga cikin takardar kwangila, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an ga bishiyoyin sun kama.

Azuzuwan da muke ciki yanzu kuma ba sai an rushe su ba. A mayar da silin, a shafa wa kwanon farin fenti, a buɗe ƙofofin iska a saman bango. Wannan aiki ne da za a iya gamawa a hutu guda, kafin Maris mai zuwa.

Na gode.

Wani malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Dala, Kano