Godiya ga matasan da ke kula da kwamfutocin makarantarmu

Assalamu alaikum.

A madadin malamai da ɗaliban makarantarmu, ina miƙa godiya a bainar jama'a ga ɗan ƙaramin kamfanin nan naku na gyaran kwamfuta da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina.

Da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, hankalinmu ya tashi. Kwamfutocinmu na gwanjo ne, ba za su ɗauki Windows 11 ba, kuɗin sababbi kuwa babu, ga yara na shirin JAMB. Ku kuka ce kada a yar da ko ɗaya. Kuka sa musu Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice na rubutu da lissafi, manhajojin da kowa ke da izinin saukewa, ya gyara, ya raba, ba kuɗin lasisi, ba kwafin sata. Sannan muka yi yarjejeniya: duk zango mu biya ku, ku kuma ku riƙa duba mana su.

A taron iyaye wani dattijo ya ce, "Malam, tunda kyauta ce, kuɗin me ake biya?" Tambaya ce mai kyau. Na ce masa, "Baba, ruwan rijiya ba na sayarwa ba ne, amma ɗan garuwa ba ya kawo shi ƙofar gida a banza." Manhajar ba mu saye ta ba, lokacinku da iliminku muke biya. Ko a duniya haka abin yake: Red Hat, wani kamfanin Linux, da irin wannan hidima ya yi ƙarfi, har kamfanin IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34.

Mun kuwa ga amfanin kuɗinmu. Daren jajibirin ba da sakamako firinta ta ƙi aiki. Bayan sallar isha'i ɗayanku ya zo a kan babur, fuskarsa fari fat da ƙurar hunturu, ya zauna a bencin yara har takarda ta farko ta fito, bai karɓi ƙarin ko sisi a kan kuɗin yarjejeniyar da muka yi da ku ba. Kafin ya tafi ya kwafe makin ɗalibai duka a filas, ya damƙa wa mataimakina.

Malamar Hausa kuwa har yau tana sa muku albarka. Da can da biro take bin takardun jarrabawa tana lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya. Kun saita mata allon rubutun Hausa da ke cikin Linux, kun zauna kun koya mata, ba gajiyawa, ba raini.

Mun sabunta yarjejeniyar ta zango mai zuwa, kuma duk shugaban makarantar da ke son ganin aikinku, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Shugaban wata makaranta mai zaman kanta, Katsina