Mun je Riyad neman ƙawance, mun bar Maraɗi a baya

Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in faɗi abinda ke cina a rai game da wannan maganar ta haɗin gwiwar ƙasashe wajen yaƙi da ta'addanci, don mu da muke zaune nan Saudiyya muna ganin ana ta zuwa taro ana komawa, amma kullum ka kira gida labarin ɗaya ne, an tare hanya, an kwashe mutane, an kori ƙauye.

Tun watan Disamba na 2015 Yarima Muhammad bin Salman, lokacin yana ministan tsaro, ya sanar da ƙawancen sojojin ƙasashen Musulmi na yaƙi da ta'addanci, aka fara da ƙasa 34, hedkwata a Riyad, kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan duk sunansu na ciki. Aka ɗauko Janar Raheel Sharif na Pakistan aka bashi kwamanda a 2017, a shekarar ne kuma aka buɗe cibiyar Etidal mai bibiyar masu yaɗa tsattsauran ra'ayi a intanet. Ban ce abin banza bane, ana horar da jami'ai kuma ana ƙaruwa. To amma mutumin Tangaza ko na Jibiya me ya gani a ƙasa? Shi ɗan bindigar da ya hanashi noma ba daga nesa yake zuwa ba, kan babur yake, ya yi ɓarna a wannan gefen ya tsallaka wancan gefen kafin la'asar, kuma yasan sarai sojan da ke binshi ba zai iya tsallakawa ba.

Mu nan mun san ɗacin abin, kar wani ya ɗauka daga cikin sanyin esi nake magana. Ranar 4 ga Yuli 2016, ƙarshen azumi, muna zaune a harabar masallacin Manzon Allah (SAW) an shimfiɗa ledar buɗa baki, ga dabino ga yogot ga burodi, sai muka ji ƙara, wasu ma sun zata igwar shan ruwa ce, sai ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta wajen ajiye motoci. Jami'an tsaro huɗu suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wallahi wanda zai iya ɗaura bam ya nufo wannan wuri a wannan wata babu inda zai ji kunya, shi yasa nake ganin duk gwamnatin da tace ita kaɗai zata iya dashi yaudarar kanta take.

Kuma an ga amfanin haɗin kai inda aka yi shi da gaske. A watan Oktoba na 2010 an ɓoye bama-bamai cikin na'urar buga takardu aka aika daga Yaman zuwa Amurka ta jirgin ɗaukar kaya, jami'an leƙen asirin Saudiyya ne suka tsegunta, har da lambar kayan, aka kama ɗaya a Dubai ɗaya a Ingila kafin su fashe. Babu wani taro da aka yi ranar, mutum ne ya ɗaga waya ya kira wanda ya yarda dashi akan lokaci. Haka kuma kotu a Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida saboda tura wa Boko Haram kuɗi daga Dubai, wato su can sun bi sawun kuɗin har sun kai ga mutane, mu kuma a gida an daɗe ana ce mana ana da jerin sunayen masu ɗaukar nauyi, muna nan dai muna jiran muga an yanke ma manya hukunci a fili kowa ya gani.

Abinda yafi bani takaici shine mu ma mun taɓa yin irin wannan kuma ya yi aiki. A farkon 2015 bayan Boko Haram sun ci Baga, sojojin Chadi ne suka shigo suka ƙwato Gamboru da Dikwa, Chadi da Nijar suka ƙwato Damasak, aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi aka maida hedkwatarta Injamena. Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta saka takunkumi, aka rufe boda, aka yanke wuta, har ana maganar kai yaƙi. Duk da Najeriya ta buɗe bodarta a watan Maris 2024, kuma babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin Janar Christopher Musa ya je Yamai a watan Agusta na shekarar aka zauna, zuciya bata koma daidai ba, ƙarshen shekarar shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ya fito yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Najeriya ta musanta, zuwa Maris 2025 Nijar tace ta fice daga rundunar tafkin Chadi. A tsakanin nan ne sunan Lakurawa ya cika kunnen kowa a Sakkwato da Kebbi. Ai dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni bana goyon bayan mulkin soja, kuma wasu zarge-zargen da ake jefowa daga Yamai basu kwanta min ba, amma iyakar da ta haura kilomita 1,500 ba'a tsareta da fushi. A unguwarmu nan Madina ɗan Katsina da ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram tire ɗaya muke ci, in aka yi rasuwa tare muke kai gawa Baƙi'a, Balarabe ma bai iya bambancemu, duk Takari yake ce mana. Wanda aka sace ma ƙani a Illela surukinsa na Ƙonni ne ke tayashi haɗa kuɗin fansa.

Wani abu kuma, in za'a yi musayar bayanai to a yi ta yadda zata kama mai laifi. Nan ƙasar tun a filin jirgi ake ɗaukar hoton yatsunka, wanda aka taɓa yi ma tarhil, wato aka kamashi aka maidashi ƙasarsu, ko ya canza fasfo ya canza suna yana ɗora yatsa kwamfuta zata tona shi. Kaga fasahar tana nan, amma kusan kullum akan talaka mai matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, take ƙarewa, tsohuwa mai saida goro ko yaro mai wankin mota, shi kuwa mai tura miliyoyi ana sayen bindiga yana shiga yana fita da bizarsa lafiya lau.

Roƙona ga gwamnatin Najeriya da ta Nijar, ko shugabanni basu shirya ba a bar kwamandojin da ke Sakkwato da Katsina su riƙa magana kai tsaye da na Tawa da Maraɗi, a dawo da sintiri na tare, a yarda soja ya bi ɓarawo ya tsallaka in ya sanar. Sarakunan Katsina da Maraɗi da Gobir da malamanmu na ɓangaren biyu su sa baki, ana jin maganarsu. Ita kuma Saudiyya tunda duka biyun suna cikin ƙawancenta kuma duk shekara suna zuwa mata aikin Hajji, ta zaunar dasu a Riyad ko Jidda su fahimci juna kafin damina ta sake faɗuwa mutane su kasa zuwa gona.

Nagode Edita, Allah ya ƙara ma jaridarku albarka.

Naku mai karatu,
daga Madina, Saudiyya