A daina taƙaita Bela Guttmann a kan maganar baki

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi muku fatan alheri da ku da ma'aikatanku baki ɗaya, musamman masu kawo mana filin wasanni, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto shi ne hirar da akai a filin kan ƙungiyar Benfica ta ƙasar Fotugal, inda aka ce wai dalilin da ya sa ta kasa ɗaukar kofin Turai tun 1962 shi ne wani kocinsu Bayahude ya nemi ƙarin kuɗi aka hana shi shi kuma yai musu baki ya ce sai sun shekara 100 ba su ci ba, akai dariya aka wuce. Gaskiya abin bai min daɗi ba. Mutumin nan Bela Guttmann sunansa, kuma in za a lissafa waɗanda suka fito da Fotugal idon duniya a harkar ƙwallo to yana sahun gaba, amma duk aikin da yai aka ajiye shi gefe aka ɗauko labarin kuɗi da baki kawai, yaro da ke sauraro abin da zai tafi da shi kenan, wai Bayahude mai son kuɗi ya tsine wa kulob. Wannan ba adalci ba ne.

Ya kamata masu sauraro su san mece ce Fotugal kafin zuwansa, sabida yaran yanzu da suka tashi suka ga Ronaldo da Figo suna zaton dama can haka take. Ƙasa ce ƙarama, a 1960 mutanenta ba su cika miliyan 9 ba, ga talauci ga mulkin kama-karya na Salazar. A 1947 Ingila ta je har Lisbon ta zura musu 10 da nema, a 1953 Ostiriya ta ba su 9 da 1, kuma har lokacin ba su taɓa leƙa gasar kofin duniya ba ko sau ɗaya. Kofin zakarun Turai kuwa tunda aka fara shi Real Madrid ce ke ɗauka, sau 5 a jere daga 1956 zuwa 1960, ba wanda ya isa ya taɓa.

Shi Guttmann an haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari a 1899, iyayensa malaman koyar da rawa ne. Ya buga wa kulob ɗin MTK na Budapest, daga baya da ƙyamar Yahudawa tai ƙarfi a Hangari ya tsallaka Ostiriya ya shiga Hakoah ta birnin Biyana, kulob ne na Yahudawa zalla, su ne suka je Landan a 1923 suka lallasa West Ham 5 da nema, suka kuma ɗauki lig ɗin Ostiriya a 1925. Ya zauna a Amurka wasu shekaru, karyewar tattalin arziki ta 1929 ta cinye abin da ya tara, ya dawo Turai ya fara koci, har ya ci lig ɗin Hangari da Ujpest a 1939. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Mutumin nan ya ɓuya a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin rufin wani gida na tsawon lokaci, daga baya aka kama shi aka kai sansanin aikin dole, a ƙarshen 1944 ya gudu shi da wani kocin mai suna Erno Erbstein, amma mahaifinsa da 'yar'uwarsa an kashe su a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi. Masu tarihinsa sun rubuta cewa bayan yaƙin da ya kama aiki a Romaniya cewa yai a riƙa biyansa da kayan lambu sabida abinci yai wuya kuma kuɗi ba su da daraja. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanyar ai in ya tsaya kai da fata a biya shi hakkinsa ba abin dariya ba ne, ya san yadda abin hannun mutum ke ɓacewa dare ɗaya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne fa, akwai jerin kociyoyi Yahudawa 'yan Hangari da suka watsu duniya da salon ƙwallonsu na gajeren fasin da wasa da ƙwaƙwalwa. Izidor Kurschner yana cikin waɗanda suka shirya Suwizalan ta ɗauki azurfa a gasar Olamfik ta 1924, ita ma ƙaramar ƙasa. Lippo Hertzka shi ya fara ci wa Real Madrid lig a 1932, sannan ya zo Benfica ɗin nan ya ci mata lig sau 2 kafin yaƙi. Arpad Weisz ya ci lig a Italiya da Inter da Bologna, dokokin wariya na 1938 suka kore shi ya koma Holan, a can aka kama shi da matarsa da 'ya'yansa, duk suka mutu a Auschwitz. To shi Guttmann yana cikin waɗanda Allah ya kuɓutar.

Bayan yaƙi yai yawo sosai, ya riƙe AC Milan aka sallame shi a 1955 alhali ita ke saman tebur, ya je Birazil ya ci wa Sao Paulo kofin jiharsu a 1957 da tsarin nan na 4-2-4, wanda Vicente Feola da sukai aiki tare a kulob ɗin ya ci wa Birazil kofin duniya da shi a 1958. Daga nan Guttmann ya zo Porto ta Fotugal ya ci lig a 1959, nan take Benfica ta ɗauke shi. Yana zuwa ya sallami manyan 'yan wasa wajen 20 ya jawo matasa, akai ta surutu, shi ko ko a jikinsa, ya ci lig a 1960 ya sake ci a 1961.

A nan ne abin yake. Fainal ɗin 1961 a birnin Bern da Barcelona suka haɗu, wadda ita ta fitar da Real Madrid a shekarar, tana da Kubala da Kocsis da Czibor da Luis Suarez na Sifen, kowa ya gama ba ta kofi. Benfica ta ci 3 da 2. Wasu suka ce sa'a ce kawai don Barcelona ta yi ta dukan turke ranar, to sai ga 1962 a Amsterdam, bayan sun fitar da Tottenham, suka haɗu da Real Madrid ɗin kanta da Di Stefano da Puskas da Gento. Puskas shi kaɗai ya zura 3 kafin hutun rabin lokaci, aka tafi hutu Madrid na da 3 Benfica na da 2, aka dawo Coluna ya farke da wani mugun shot daga nesa, sai wani yaro ɗan shekara 20 ya ƙara 2, ɗaya fenariti ɗaya daga firikik, aka tashi 5 da 3. Yaron nan shi ne Eusebio. A gefensa akwai Simoes ɗan shekara 18. Wane koci ne zai saka yara irin waɗannan a fainal gaban Di Stefano in ba wanda ya yarda da idonsa ba?

Shi kansa Eusebio ai Guttmann ne ya kawo shi. Wani tsohon ɗan wasan Birazil Jose Carlos Bauer ya gan shi a Mozambik ya ba Guttmann labari, yaron kuma yana buga wa wani kulob a Lourenco Marques, Maputo ta yanzu, wanda reshen Sporting ne abokiyar hamayyar Benfica, da rikici ya tashi tsakanin kulob biyun kan wa ke da shi sai Benfica ta kai shi wani gari a kudancin Fotugal mai suna Lagos, ba tamu ta Najeriya ba, ta ɓoye shi har ƙura ta lafa. Mu 'yan Afirka ya kamata mu riƙe wannan, sabida tim ɗin nan cike yake da haifaffun nahiyarmu, Coluna daga Mozambik, gola Costa Pereira shi ma can aka haife shi, kyaftin Jose Aguas da Santana daga Angola. Kuma a daidai shekarar 1961 ɗin da suke ɗaga kofi ne yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a Angola, gwamnatin Salazar na amfani da hotonsu tana cewa duk ƙasa ɗaya ce alhali tana yaƙar 'yan'uwansu a gida. Wannan ma labari ne da ya fi maganar baki amfani ga mai sauraro.

Wani zai ce ai wannan nasarar kulob ce ba ta ƙasa ba. To a lokacin Benfica ba ta ɗaukar ɗan wasa baƙo, sai ɗan Fotugal ko na ƙasashen da take mulka, ba kaman Madrid da Barcelona da suka tara 'yan Ajantina da Hangari da Birazil ba, dan haka duk yaron da Guttmann ya gina kai tsaye tim ɗin ƙasa yake tafiya. Da Fotugal ta je kofin duniya karon farko a Ingila a 1966 ƙashin bayanta 'yan Benfica ne, Coluna kyaftin, Eusebio, Simoes, Jose Augusto, Torres. Suka doke Birazil ta Pele 3 da 1, Koriya ta Arewa ta sha gabansu da 3 da nema suka dawo suka ci 5 da 3 Eusebio ya zura 4, Ingila ta cire su a kusa da na ƙarshe suka ƙare a na uku, Eusebio ya fi kowa ƙwallaye da 9. Ban ce Guttmann kaɗai yai aikin ba, kocin tim ɗin a 1966 ɗan Birazil ne Otto Gloria, kuma shi ya fara tsara Benfica ta zama ta ƙwararru tun 1954. Manyanmu za su tuna shi, shi ne ya ci wa tim ɗin Najeriya Green Eagles kofin Afirka na farko a Legas a 1980 da aka doke Aljeriya 3 da nema. Kun ga kenan shi ma baƙo ne, muna yaba masa har yau, to me zai sa a hana ɗayan nasa yabon.

Maganar bakin kuwa, eh gaskiya ne sun saɓa da shugabannin kulob kan kuɗi ya bar su a 1962 ya tafi Penarol ta Yurugwai, kuma gaskiya ne Benfica ta je fainal 8 a Turai bayan nan duk ta faɗi. Amma a duba ɗaya bayan ɗaya mana. A 1963 da Milan an ji wa Coluna ciwo kuma lokacin ba a canjin ɗan wasa. A 1965 a filin Inter akai wasan da Inter ɗin cikin ruwan sama, gola ya ji rauni mai tsaron baya Germano ya koma raga, aka ci su 1 tak. A 1968 golan Manchester United Alex Stepney ne ya tare wa Eusebio ƙwallo ana dab da tashi. A 1988 da 2014 a bugun fenariti suka faɗi, a 2013 Ivanovic na Chelsea ya sa kai a mintin ƙarshe. Duk wanda ke kallon ƙwallo ya san irin wannan na faruwa, ƙaddara ce da kuma ƙarfin aljihun manyan kulob na Italiya da Ingila da Sifen da ke saye duk wani yaro mai kyau da ya fito a Fotugal. Sannan abin da ba a faɗa ba a shirin shi ne mutumin nan ya dawo ya sake riƙe Benfica a kakar 1965 zuwa 1966, a hannunsa ma George Best da United suka ci su 5 da 1 a Lisbon. Wanda ya tsine wa gida har shekara 100 zai dawo bayan shekara 3 yana neman ya ci musu kofin? Su kansu 'yan Benfica a 2014 mutum-mutuminsa suka kafa a filinsu yana rungume da kofunan nan 2.

Na san da an ambaci Bayahude wasu za su toshe kunne sabida abin da ake wa 'yan'uwanmu Falasɗinawa, ni ma abin na ci min rai matuƙa kuma ba na ɓoyewa. Amma wannan mutumin kocin ƙwallo ne da aka kashe masa uba da 'yar'uwa sabida asalinsu, ya rasu a Biyana a 1981, kuma addininmu ya hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. In muka saba ba da labarin mutum ta hanyar abin da ake tsokanar ƙabilarsa da shi to ba mu da bakin yin ƙorafi ranar da kafofin Turai suka ba da labarin ɗan wasa Musulmi ko baƙar fata ta irin wannan hanyar, kuma suna yi muna gani muna jin zafi.

Roƙona Malam Edita shi ne a ware ko minti 10 ne a wani shirin a kawo tarihin Benfica ta 1961 da 1962 yadda yake, a faɗi inda Guttmann ya fito da abin da ya same shi, a faɗi sunayen su Coluna da Eusebio da ƙasashensu, in ya so a ƙarshe a kawo maganar bakin a matsayin labarin da magoya baya ke yawo da shi. In da hali a haɗa da Otto Gloria tunda mu ma ya taɓa mu. Na gode, a gaida duk ma'aikata.

Naku mai sauraro a kullum, daga Zariya.